Degel, Illela da Wurno: kwana uku a garuruwan da muke wucewa a guje

Ni haifaffen Sakkwato ne, gidanmu babu nisa da Hubbaren Shehu, tun ina yaro nike ganin motocin baƙi daga Kano da Adamawa da Nijar suna sauke mutane masu ziyara, amma wallahi sai hunturun bana ƙafata ta taka Degel, garin da Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa tun Sakkwato ba ta zama birni ba. Abin ya daɗe yana ci mani rai. Kawuna ƙanen inna shi ya yi sanadi, sana'arshi sayen albasa ce a ƙauyuka yana turawa kudu, babu lungun da bai sani ba a arewacin jihar nan. Da na ce mashi ina son in bi shi sai yac ce to shirya ranar Asabar, amma ka sani ba yawon gari za mu ba, ka ɗauko rigar sanyi da takalmin da ba ka jin tausai.

Mun yi sallar asuba munka nufi Tashar Illela. Hazo ya rufe gari, fitilun motoci kamar an lulluɓe su da tsumma, ga sanyin nan mai shiga ƙashi. Mun samu ƙaramar mota, mutum huɗu a baya biyu a gaba, Kawu ya biya mana 2,000 kowanne zuwa Gwadabawa bayan an ɗan ja ciniki. Da munka hau gadar Rima na leƙa ta taga, duk da hazon kana hango koren fadama shimfiɗe hagu da dama, injinan ban ruwa suna ta kuka tun da duhu. Ana gama fadamar kuma sai ka ga duniya ta canza lokaci guda, jan tudu, tsakuwa, sabara da ƙaya, gonakin gero da anka girbe sai kututturan kara. Wanga bambanci na fadama da tudu shi na yi ta gani har munka dawo, kuma daga baya na gane kusan kowane gari da munka shiga a bakin nan yake zaune, gidaje bisa tudu inda ruwa ba ya cinye su, abinci a ƙasa cikin fadama.

Kware ba mu tsaya ba sai sauke wata tsohuwa da buhunta. Mu 'yan birni in an ce Kware asibitin masu taɓin hankali kawai ke zo mana a rai, har zolaya ake yi da sunan garin, kuma wannan rashin adalci ne ƙwarai. Nan ne Malam Abdussalami na Gimbana ya zauna, almajirin Shehu, wanda kama mutanenshi da Gobirawa sunka yi na cikin abubuwan da sunka tada jihadin, nan kuma ya yi wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu tawaye bayan rasuwar Shehu a 1817, anka ci garin a farkon 1818. Daga baya anka ba Isa ɗan Shehu garin, shi ne ake ce ma Isa Mai Kware. Duk wannan a garin da muke wucewa muna danna waya.

Tsakanin Kware da Gwadabawa shinge uku munka tarar. Biyu direba ya miƙa hannu ya wuce, na ukun anka ce kowa ya sauko. Wani matashi cikin kaki ya ɗauki jakata ya zazzage, ya ga littafin rubutu da biro, ya ce me nike rubutawa, na ce tarihi nike son in gani a Degel. Ya dube ni ya ce ina ne Degel. Ban ji haushinshi ba don ba ɗan nan ba ne, an kawo shi aiki daga nesa ya kwana cikin sanyi, amma mun kusa rabin awa a tsaye iska na dukanmu, wata mata da jariri a baya tana rawar ɗari, sai da Kawu ya je ya yi magana a hankali kana anka sake mu.

Gwadabawa mun isa rana ta ɗan ɗaga. Kawu ya kai ni wajen mai shayin da ya saba, munka sha shayi da burodi da ƙwai, 1,800 mu biyu. Garin nan warin albasa ke tarbarka tun daga bakin titi, buhuna jibge, yara na tankaɗe ɓawo, manyan motoci na jiran lodi. Gwadabawa ba tsohon gari ba ne in ka gwada shi da maƙwabtanshi, Muhammadu Maiturare ne ya kafa shi lokacin yana Marafa, a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na 19, don ya tsare arewa ya kuma zaunar da mutane a ƙasar da yaƙi ya watse, shi ne kuma ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924. Kawu ya bar ni nan wajen wani abokin cinikinshi ya ce a samo mani ɗan kabu-kabu mai hankali wanda ya san hanyar Chimmola da Degel, shi zai shiga lissafi da manoma. Munka shirya da yaron a kan 5,000 zuwa da dawowa har da jira.

Hanyar nan ta gwada mani ƙarfina. Wani wuri rairayi ne sai na sauka na taka shi ya tura mashin, wani wuri tsakuwa da kwazazzabai da ruwan damina ya yanka. Ƙura ta shiga mani ido da hanci da kunne, leɓɓana sunka tsage. Amma yaron akwai daɗin hira, yana tuƙi yana nuna mani da haɓa, can gonar wane ce, can rijiyar da ba ta ƙafewa, can in damina ta yi ƙarfi sai an zagaya. Mun ratsa Chimmola, wadda Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku ya mai da ribaɗinshi, wato garin tsaron iyaka, shi ne ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, har ana ce mashi Mai Chimmola, kuma shi ne mahaifin Maiturare ɗin nan na Gwadabawa. Kenan uba ya kafa sansani nan, ɗa ya ƙara matsawa gaba ya kafa nashi. Da na ga haka da idona sai tarihin ya zauna mani a kai fiye da duk yadda na karanta shi a makaranta.

Sai Degel. Ban san abin da nike tsammani ba, wataƙila wata babbar ƙofa ko ginin gwamnati da allo. Abin da na tarar ƙaramin wuri ne shiru, iska na kaɗa ƙura, 'yan itatuwa, awaki na kiwo, ga kaburburan bayin Allah da sunka zauna nan tun zamanin. Wani dattijo ya taso daga inuwa da sandarshi, na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ɗana, daga ina?"

Na ce, "Baba daga birni nike, kusa da Hubbare."

Ya yi shiru kaɗan, kana yac ce, "Ku ad da Hubbare, mu ad da mahwari. To taho in gwada maka."

Ya riƙa tafiya a gabana a hankali yana nuna wurare da kan sandarshi, ni kuwa ina biye ina jin tsikar jikina na tashi. Nan fa Shehu Usmanu, wanda anka haifa a Maratta a 1754, ya yi shekaru yana karantar da maza da mata, daga nan yake fita wa'azi Kabi da Zamfara ya dawo. Nan anka haifi ɗiyarshi Nana Asma'u a 1793, wadda 'yan taru, matan nan masu karantar da 'yan'uwansu mata addini, sunka samo asali daga gare ta, tsohuwata har ta rasu tana rera waƙoƙinta in tana kaɗi. Nan jama'a ta yi yawa har sarakunan Gobir sunka tsorata, Nafata ya hana rawani da lulluɓi ya ce wanda bai gaji musulunci ba ya koma addinin ubanshi, Yunfa ya zo ya ƙara matsawa, har a watan Fabrairu na 1804 Shehu da jama'arshi sunka yi hijira daga nan zuwa Gudu. Na tsaya ina duban filin nan ina ƙoƙarin in ga raƙuma ɗauke da littattafai, mata da goyo, tsofaffi, duk sun bar gidajensu sun nufi yamma cikin irin wanga rairayi da ni da mashin ma ya gagare mu. Wallahi idona ya kawo ruwa.

Abin da ya dame ni shi ne halin da wurin yake ciki. Daular da ta kai har Adamawa da Ilori daga wanga ƙauye ta taso, amma in baƙo ya zo babu mai ba shi ko takarda guda da za ta gaya mashi ina yake tsaye, sai in Allah ya haɗa shi da dattijo irin wannan, kuma dattijon nan ba zai dawwama ba. Na tambaye shi ko yara na zuwa su ji daga bakinshi, ya ce masu ziyara dai na zuwa jefi-jefi, yaran gari kuwa rani na yi sun tafi kudu neman kuɗi. Ya sa anka kawo mani fura a ƙwarya, hura dai yadda muke cewa, mai tsami da nono na gaske ba irin ta roba da ake sayar mana a birni ba, na sha har na ji sanyinta a ƙirjina. Na ba shi ɗan abin da ya samu, da ƙyar ya karɓa, ya yi mani addu'a mai tsawo hannunshi bisa kaina.

Gudu kam ban je ba, kuma ban yi niyya ba, haka Tabkin Kwatto inda anka gwabza da Yunfa a watan Yuni na 1804. Kawu ya ce wannan yankin yanzu ba wurin yawon baƙo ba ne, kowa ya san matsalar tsaron da ake fama da ita a Gudu da Tangaza. Na bi maganarshi.

Da la'asar na koma Gwadabawa munka hau wata mota zuwa Illela, 1,500 kowanne, ban ga komai a hanya ba don barci ya ɗauke ni. Mun kwana gidan wani dillali abokin Kawu, a zaure bisa tabarma, mu shida da wasu fatake biyu daga Ƙonni. Sanyin daren nan ban taɓa jin irinshi a birni ba, iska ke zuwa kai tsaye daga arewa babu abin da ke tare ta, sai da maigidan ya kawo kaskon wuta da wani tsohon bargo. An kawo mana tuwon gero da miyar kuka da man shanu, munka ci hannu baka hannu ƙwarya, ana hira rabi kan farashin sefa rabi kan wahalar da anka sha lokacin da anka rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Ɗaya daga cikin fataken ya ce shi innarshi a Illela take, matarshi 'yar Ƙonni, gonarshi kuma layin ya raba ta, to a gaya mashi wace ƙasa ce tashi. Babu wanda ya yi dariya, kowa ya san gaskiya ya faɗa. Illela da Birnin Ƙonni tafiyar 'yan mintoci ce, harshe guda, dangi guda, Turawan Ingila da na Faransa ne sunka zauna sunka ja layi a tsakani.

Lahadi ita ce ranar kasuwar Illela. Na sha jin labarinta amma gani ya kori ji. Tun da safe raƙuma ke shigowa jere, Buzaye da rawunansu sun rufe fuska sai ido, shanu masu manyan ƙahoni, tumaki balami da uda dogaye kamar maruƙa, jakuna, ga dillalai na ta kama hannu a ƙarƙashin riga ana ciniki. Ɓangaren hatsi daban, na wake daban, ga masu canjin kuɗi da damin naira da sefa a gabansu. Na sayi cuku da dabino na tsaraba, na ci gasasshen naman raƙumi na 1,000 a tsaye. Na so in leƙa tafkin Kalmalo da ke kusa amma Kawu ya ce in muna son mu shiga birni da rana to yanzu ne, don shi ba ya bin hanya bayan magariba ko da kuɗi. Munka dawo Sakkwato kafin la'asar sakaliya.

Litinin da safe ni kaɗai na fita, Kawu ya tsaya lodi. Na hau motar Wurno, 1,700, ta Achida da Marnona. Hanyar ba ta kai awa guda da rabi ba har da tsaye-tsaye, shinge biyu, ba su tsare mu ba. A cikin motar wani malamin firamare ɗan Wurno ya zauna kusa da ni, da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ce shi zai zagaya da ni kafin ya shiga aji, kuma ya cika alkawari.

Wurno ta ba ni mamaki fiye da ko'ina. Garin bisa tudu yake, in ka tsaya ta gefen da ya fuskanci gulbi sai ka ga fadamar Rima ta buɗe a ƙarƙashinka iya ganinka, shinkafa, albasa, tafarnuwa, alkama, kore shar a tsakiyar rani, mutane ƙanana kamar tururuwa suna aiki a ciki. Nan take na gane dalilin da ya sa Muhammadu Bello ya zaɓi wurin. Wanda ke bisa tudun nan zai hango mahayan Gobir tun suna nesa, ga ruwa, ga abinci a ƙafarshi. Bello shi ya gina Sakkwato a 1809, amma a ƙarshen rayuwarshi nan Wurno ya fi zama, a matsayin mai ribaɗi, yana tsaron iyaka da kanshi, nan ya rasu a 1837 kuma nan kabarinshi yake. Ɗanshi Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma nan ya zauna, har Baturen Jamus ɗin nan Barth da ya zo a 1853 a Wurno ya yi kwanaki. Wato akwai lokacin da in kana son ganin Sarkin Musulmi ba Sakkwato za ka ba, Wurno za ka. Ni da nike alfahari da birni ban taɓa auna wannan da kyau ba.

Malamin ya ce mani abin da mutane ba su lura da shi ba, ribaɗi ba sansanin yaƙi kaɗai ba ne. Bello so ya yi Fulani makiyaya da sauran jama'a su zauna wuri guda a cikin ganuwa, a yi masallaci da makaranta, a kawo maƙera da masaƙa da majema, a yi noma, gari ya tsayu da ƙafarshi. Da ya faɗi haka sai na tuna Kware da Chimmola da Gwadabawa da na baro, ashe duk zare guda ne, garuruwa ne da anka dasa da gangan a bakin fadama suna kallon arewa da gabas inda hari ke fitowa.

Mun shiga hubbaren Bello munka yi addu'a. Wurin a share yake, da 'yan tsofaffi zaune a ƙofa da tasbaha, babu cunkoso irin na Hubbaren Shehu, ka ji shiru har kana jin kukan kurciya. Na daɗe a ciki. Mutumin da ya rubuta littafin Infaƙul Maisuri, ya yi rubutu kan magani da mulki, ya jagoranci yaƙi, ga shi kwance a ƙaramin gari da yawancin 'yan Sakkwato na zamanina ba su taɓa zuwa ba, alhali kuɗin motar bai kai na katin waya na mako ba.

Daga nan munka gangara fadama. Wani manomi yana ban ruwa da ƙaramin inji, ƙafafunshi cikin laka har ƙwauri, ga fatar duk ta faffashe don sanyi. Ya ce man fetur ke cinye ribar, sannan in albasa ta fito gaba ɗaya farashi ya faɗi, wanda ke da hali shi ke zuba ta a rumbun kara ya jira watanni, wanda bashi ke bi kuwa dole ya sayar a gona. Na tambaye shi ruwa fa, ya ce ruwan nan daga madatsar Goronyo ake sako shi, shi ne rayuwarsu kuma shi ne fargabarsu, ya nuna mani da hannu inda ambaliyar 2010 ta kai, can sama da inda muke tsaye. Na tuna shekarar sarai, ita ce ruwa ya yanke hanyar jami'a a birni, mu abin da ya dame mu kenan lokacin, su kuwa nan gonaki da gidaje sunka tafi. Ya tuge albasa uku manya ya karkaɗe ƙasar ya miƙo mani, ya ce in kai ma iyali.

Na so ƙwarai in wuce gaba, in bi Goronyo har Sabon Birni in ga kufan Alkalawa, babban birnin Gobir da anka ci a 1808, inda Yunfa ya faɗi. Na faɗa ma malamin. Ya kama hannuna ya ce, "Malam, don Allah ka bari. Mu da ke nan ma in ba dole ba ba mu bin hanyar nan yanzu." Ya ce a ajinshi akwai yaran da iyayensu sunka gudo daga ƙauyukan gabas saboda 'yan bindiga, wasu garuruwan nasu sun fi shekara ɗari da kafuwa, yau babu kowa sai kango. Garuruwan da anka kafa don su tsare mutane, yau mutanen ke gudu daga cikinsu. Na rasa abin da zan ce mashi.

Ya raka ni tasha, ya saya mani masa da yaji a takarda, ya ƙi yarda in biya, ya ce aji na jiranshi. Motar ba ta cika ba sai bayan azahar. Na zauna gefen taga da albasata uku a cikin leda bisa cinya, muna fita gari na waiga, tudun Wurno na baya hazo na rufe shi a hankali, wata yarinya a kujerar baya tana tambayar innarta ko birni akwai nisa.